Yadda ake saƙa bargo falle-falle da kwarashi, da karanta takardar tsarin saƙa

Tun ranar sunan ɗiyar ƙanwata, da mata suka ga bargon da aka naɗe jaririyar a ciki, ban huta da tambaya ba. Wata ta rantse inji ne ya saƙa shi. Da na ce da kwarashi na yi, falle-falle, sannan na harhaɗa, sai maganar ta koma "to ki koya mana". Wasu kuma sun daɗe suna saƙa hula da safar jarirai da ka, amma da zarar an miƙa musu takardar tsari cike da ch da dc da 'yan taurari, sai jikinsu ya yi sanyi. Ga amsar duka biyun. Da mace nake magana don mata ne suka fi tambaya, amma namijin da ke da sha'awa ya biyo mu.

Bargon jariri za mu yi, santimita 90 kowane gefe, daga falle 36, kowane falle murabba'i ne mai santimita 15. A takardun Amurka sunan irin wannan bargo afghan, fallen kuma granny square. Ki riƙe sunayen nan, da su za ki nemo tsari a YouTube ko a Ravelry, wani shafin intanet na masu saƙa.

1. Kayan farawa

Kada ki sayi zaren bargo gaba ɗaya tukuna. Dunƙule ɗaya tal ya isa a yanzu, dalilin yana zuwa a mataki na biyar. Sai kwarashi, almakashi, basilla marar tsini mai faɗin hanci, tef ɗin awo irin na tela, da fil kamar ashirin. Duk ana samunsu a shagunan kayan tela.

Zaren da muke kira ulu a kasuwa, yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, wato dangin roba. Ba aibi ba ne, shi ya fi araha kuma yana jure wanki. In kina son tabbatarwa, yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana: na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, na auduga ci yake kamar takarda ya bar toka, na gashi kuwa ƙaurin gashi yake yi.

Duba takardar da ke jikin dunƙulen. In an rubuta DK ko lamba 3, ɗauki kwarashi mai milimita 4. In lamba 4 ce, mai milimita 5 ko 5.5. Takardun Amurka da haruffa suke kiran kwarashi: G-6 shi ne milimita 4, H-8 milimita 5, I-9 milimita 5.5.

Gargaɗi: kada ki koyi saƙa da baƙin zare, ko shuɗi mai duhu, ko mai gashi-gashi. Ba za ki ga inda za ki soka kwarashi ba, balle da dare in an ɗauke wuta. Ruwan madara ko ruwan ƙwai ya fi.

2. Saƙa huɗu da za ki fara iyawa

Yi zarge a bakin zaren, zura kwarashi a ciki, ki ɗan ja ya kama ba tare da ya shaƙe ba.

Sarƙa: naɗa zare a kan kwarashi, jawo shi ta cikin maɗaukin da ke kai. Sarƙa ɗaya ke nan. Takarda tana rubuta ta ch.

Zamiya: soka kwarashi inda aka ce, jawo zare ta wurin, ki zarce da shi ta cikin maɗaukin da ke kan kwarashi a ja ɗaya. Ba ta ƙara tsayi, aikinta rufe zagaye da matsawa gaba. Ita ce sl st.

Gajere: soka, jawo zare, maɗauki ya zama biyu. Naɗa, ja ta cikin biyun. Shi ne sc.

Dogo: naɗa zare tun kafin ki soka. Soka, jawo, maɗauki ya zama uku. Naɗa ki ja ta cikin biyu, saura biyu. Sake naɗawa ki ja ta cikin biyun, saura ɗaya. Shi ne dc, kuma kusan duk fallenmu da shi aka gina, don haka ki yi ta yin sa har hannu ya daina tunani.

Gargaɗi: maɗaukin da ke kan kwarashi ba a ƙirga shi. In an ce sarƙa huɗu, huɗun da suka sauka ake nufi.

3. Karanta takardar tsari

A nan mutane suka fi tsorata, alhali abin bai kai ya kawo ba. Takardar saƙa ba Turanci ba ce da gaske, gajerun alamu ne da ba su wuce goma sha ba, ko wadda ba ta yi nisa a boko ba za ta haddace su a yini ɗaya.

Abu na farko, tun kafin ki taɓa zare: gano ko takardar ta Amurka ce ko ta Ingila. Suna amfani da sunaye iri ɗaya a kan saƙa daban-daban. Abin da Amurka ke kira sc, Ingila dc take ce masa. Abin da Amurka ke kira dc, wato dogonmu, a Ingila tr ne. Ke nan in kika ɗauki takardar Ingila kika karanta ta da idon Amurka, duk inda aka so gajere za ki sa dogo, fallen ya fito wani zanƙalele da bai yi kama da hoton ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in kika ga sc ko hdc ko'ina a cikin takardar, ta Amurka ce, don Ingila ba ta da su. In kika ga htr, ta Ingila ce. Ni da sunayen Amurka nake tafiya a wannan bayani.

Sauran alamun: hdc matsakaici ne tsakanin gajere da dogo, ana naɗi ɗaya kafin a soka, sannan a ja ta cikin maɗauki ukun gaba ɗaya. A takardar Amurka tr ya fi dogo tsawo, naɗi biyu ake masa kafin a soka. St saƙa ɗaya ce, sp kuma tagar da sarƙa ta bari, sk tsallakewa, rep maimaitawa, rnd zagaye, yo naɗa zare. RS fuskar saƙa, WS bayanta.

Sai taurari da baka. Tauraro alama ce ta inda maimaici ya fara. In aka ce rep from * 3 times, ana nufin bayan kin yi abin sau ɗaya, ki koma kan tauraron ki ƙara sau uku, jimla huɗu. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, su yi uku jimla, su wayi gari da falle mai kusurwa uku. Abin da aka sa a cikin baka kuwa, yawanci duk a wuri ɗaya za a zuba shi. In kika ga 3 dc, ch 2, 3 dc a cikin baka sannan aka ce in next sp, to dogo uku, sarƙa biyu, da wani dogo uku duk cikin taga ɗaya za su shiga. Kusurwa ke nan.

Ki lura da bambancin wurin lamba. Ch 3 sarƙa uku ce a jere. 3 dc in next st dogo uku ne a rami ɗaya. Dc in next 3 sts kuwa dogo ɗai-ɗai ne a ramuka uku. Kalmomin kusan ɗaya, aikin daban.

Lambar da ake sawa a ƙarshen layi, kamar 24 dc, ba ado ba ce. Marubuciyar tana gaya miki abin da ya kamata ki samu in kin ƙirga. In bai yi daidai ba, warware zagayen nan take. Kuskuren da aka bari a zagaye na biyu 'ya'ya yake haifa a na uku.

Wasu takardun zane ne zalla, babu rubutu, kuma ni su na fi so, don ko daga Japan ko Rasha suka fito ana karanta su. Ɗan ƙwai kwance sarƙa ne, baƙin ɗigo zamiya, alamar x ko + gajere, T matsakaici, T mai sara ɗaya a jiki dogo, mai sara biyu tr. Daga tsakiya ake farawa a yi waje, kuma mai saƙa da dama tana zagayawa ne saɓanin tafiyar agogo. Bahaguwa ita ce ke bin agogo.

Gargaɗi: karanta takardar daga farko har ƙarshe kafin ki fara, musamman 'yan bayanan da ke sama. A nan ake faɗin ko sarƙa ukun farkon zagaye tana tsayawa a matsayin dogo ko a'a, kuma lissafin gaba ɗaya a kan wannan ya rataya.

4. Fallen farko

Tsakiya: sarƙa huɗu, sai zamiya cikin sarƙar farko. Kin sami ɗan zobe. Bar jelar zare kamar santimita 15 a farko, za ki buƙace ta.

Zagaye na 1: sarƙa uku, ita ce dogon farko. Dogo biyu cikin zoben. Yanzu kina da abin da nake kira 'yan uku. Sarƙa biyu. Sake 'yan uku cikin zobe da sarƙa biyu, har sai 'yan uku sun zama huɗu, tagogi huɗu. Rufe da zamiya a kan sarƙa ta uku ta farkon zagaye. Ƙirga: dogo 12.

Gargaɗi: cikin ramin zoben za ki riƙa sokawa, ba cikin ƙwayar sarƙa ba. In wuri ya cika, ture dogayen gefe da yatsa.

Zagaye na 2: yi zamiya a kan dogo biyu na gaba, da ɗaya cikin tagar kusurwa. Sarƙa uku, dogo biyu, sarƙa biyu, dogo uku, duk a tagar nan. Sarƙa ɗaya. A kowace taga ta sauran ukun: 'yan uku, sarƙa biyu, 'yan uku, sannan sarƙa ɗaya. Rufe. Ƙirga: 'yan uku takwas, dogo 24.

Zagaye na 3: yanzu tagogi iri biyu gare ki. Ta kusurwa tana karɓar 'yan uku biyu da sarƙa biyu a tsakaninsu. Ta gefe tana karɓar 'yan uku ɗaya kawai. Sarƙa ɗaya tsakanin kowane rukuni a gefe. Dogo 36.

Daga nan babu sabon abu. Na huɗu dogo 48, na biyar 60, kowane zagaye yana ƙara sha biyu. Ga dabarar da ta raba ni da ƙirga ɗai-ɗai: yawan 'yan ukun da ke gefe ɗaya shi ne lambar zagayen. In kina zagaye na biyar, kowane gefe biyar za ki gani. Ci gaba har fallen ya kai santimita 15, wanda kan ɗauki zagaye biyar ko shida, gwargwadon kaurin zare da nauyin hannunki.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba 'yan uku ɗaya a kusurwa maimakon biyu, musamman in ana hira. In fallen ya fara lanƙwashewa kamar ƙoƙo, saƙa ta yi kaɗan ko hannu ya matse. In gefensa ya yi tattara kamar bakin siket, saƙa ta yi yawa. In kuma ya karkace kamar ana murɗa shi, ki riƙa juya fallen bayan kowane zagaye, ɗaya ta fuska ɗaya ta baya.

Canza launi a ƙarshen zagaye ake yi. Yanke zare ki bar santimita 15, jawo jelar ta cikin maɗaukin ƙarshe, sannan ki ɗaura sabon launi a wata kusurwa daban ki fara da sarƙa uku. Sauya kusurwar kowane lokaci, don kada mahaɗar ta taru a layi ɗaya ta zama tabo.

5. Awo, lissafi, sannan kasuwa

Wannan fallen na farko shi ne mudun awonki. Shimfiɗa shi ba tare da ja ba, ki auna ta tsakiya, tsaye da kwance. In takarda kike bi kuma ta ce inci 6, santimita 15 ke nan da ɗan ɗoriya, inci 12 kuma kusan 30 da rabi. In naki ya gaza alhali zagayen ya cika, ɗauki kwarashi mafi girma da rabin milimita ki sake. In ya zarce, ɗauki ƙarami. Kada ki ce za ki gyara da hannu, ki riƙa sassautawa ko matsewa da gangan. Falle uku za ki yi hannun ya koma halinsa.

Sannan ɗora shi a sikelin kicin, ko ki roƙi mai shagon da ke da ƙaramin sikeli. A ce ya ba ki giram 12. Sau 36 ya zama 432. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda haɗi da baki da abin da za a yanke, ya zama 540. In dunƙulen mai giram 100 ne, shida za ki saya. In mai 50 ne, sha ɗaya. In ƙananan nan ne masu 40, sha huɗu. Ninka da farashin ranar, kin san kuɗin bargonki tun kafin ki fita gida. In launi uku za ki yi, ki tuna zagayen waje ya fi cin zare nesa ba kusa ba: na biyar kaɗai dogo 60 ne, na farko 12. Launin da zai zauna a waje, wanda kuma da shi za a yi haɗi, shi za ki fi saya.

Mai saƙa don sayarwa ta duba agogo ma. In falle yana cin rabin awa, 36 awa 18 ne, ba a sa haɗi da ɓoye zare ba. Na sha ganin mata suna sa kuɗin zare kawai da ɗan abin sabulu, su manta da kwanakin da suka yi a zaune.

Gargaɗi: sayi zaren duka a rana ɗaya, kuma ki duba lambar rini da ke jikin takardar dunƙule, inda aka rubuta lot. Launi ɗaya ne, suna ɗaya, amma in ba tukunya ɗaya aka rina su ba sai an ga bambanci. Ni na taɓa komawa cikon dunƙule biyu, mai shago ya ce wallahi iri ɗaya ne, a cikin shagon ma haka na gani. Sai da na shanya bargon a tsakar gida na ga falle shida sun fi sauran haske, kamar an yi musu wanki goma.

6. Sauran falle 35

Kwarashi ɗaya daga farko har ƙarshe. In ya ɓace, nemo mai lambarsa daidai. Duk falle biyar, ɗora su a kan na farko ki gani ko hannu ya canza, don yakan sassauta in an saba.

Ki ɓoye jelar zare a kowane falle kafin ki fara na gaba. Zura ta a basilla, bi ta ƙarƙashin dogaye a bayan saƙa kamar santimita uku, juyo ki bi ta wata hanya, sannan ki yanke. Falle mai launi uku jela shida gare shi, sau 36 ya zama 216. Wadda ta tara su sai ƙarshe, yawanci a leda bargon yake tsufa.

Gargaɗi: kada ki ƙulla ki yanke a gindin ƙulli. Zaren roba santsi gare shi, wanki biyu ƙullin zai kwance, tsakiyar fallen ta buɗe.

7. Daidaita fallaye

Zana murabba'i mai santimita 15 a kwali mai kauri, ko ki auna a kan katifa da aka shimfiɗa wa tawul. Kafe fallen da fil, kusurwoyi tukuna sannan gefuna. In auduga ce, yayyafa ruwa ki bari ta bushe. In roba ce, tururi take so: riƙe dutsen guga mai tururi sama da ita kamar faɗin yatsu biyu na 'yan daƙiƙu, ki bari ta huce kafin ki cire fil.

Gargaɗi: dutsen guga kada ya taɓa zaren roba, na lantarki ne ko na gawayi. Zai kwanta ya yi ƙyalli ya mutu, kuma ba ya dawowa.

8. Haɗi

Shimfiɗa duka 36 a tabarma, shida-shida, ki jujjuya launuka har ranki ya kwanta, sannan ki ɗauki hoto da waya. Yaro ɗaya ya ratsa ta kai, tsarin ya tafi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta basilla. Haɗa falle biyu fuska da fuska, fara daga sarƙar kusurwa, ki riƙa ɗaukar maɗaukin waje na wannan da na wancan kina zagayowa, saƙa ɗaya da 'yar'uwarta, sarƙa da sarƙa. Mai son haɗin ya fito ya zama ado sai ta haɗa su baya da baya, ta bi da gajere da kwarashi, zai ba da ɗan tudu kamar kunya a gona.

Kada ki haɗa su ɗai-ɗai kina yanke zare. Ɗauki layi na ɗaya da na biyu, ki bi tsawonsu da zare ɗaya, daga falle biyun farko ki zarce na gaba. Layi biyar za ki ɗinke a tsaye, sannan biyar a kwance. A inda kusurwa huɗu suka gamu, ki tabbata kin kama sarƙar kowace, in ba haka ba rami zai zauna a wurin.

Gargaɗi: in kika iso ƙarshen gefe kika ga ɗaya ya rage da saƙa biyu, kada ki cusa. Ko kin yi tsallake a hanya, ko fallen ne bai cika ba. Koma ki duba. Kuma kada ki ja zaren haɗi da ƙarfi, ɗinkin ya zama yana miƙewa daidai da jikin saƙar.

9. Baki da wankin farko

Zagaye bargon da gajere sau ɗaya, uku a kowace kusurwa, ɗaya a kowace mahaɗa. Wannan ke daidaita gefen. In kin so ki tsaya nan, in kin so ki ƙara zagaye biyu na dogo, kina zuba dogo biyu, sarƙa biyu, dogo biyu a kusurwa. In bakin ya fara tattara, sauka zuwa kwarashi ƙarami da rabin milimita.

Gargaɗi: tunda na jariri ne, ban da duwatsu, ban da maɓalli, ban da dogon geza. Duk abin da zai iya cirewa, baki zai kai. Kuma a gaya wa mai jego kada a rufe masa fuska da shi, ko da hunturu ya tsananta.

Wanke shi kafin ki bayar, don ya sha hannu da ƙura. Ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, sabulu kaɗan, matsawa a hankali ba cuɗa ba, kuma ban da murɗewa. Naɗe shi a tawul ki danne ruwan ya fita. Kada ki rataya shi a igiyar shanya, nauyin ruwa zai ja shi ya yi tsawo ta gefe ɗaya. Shimfiɗa shi kwance a inuwa a kan zani mai tsabta, ki gyara kusurwoyin da hannu tun yana da danshi, in saman ya sha iska ki juya shi.